Hirar littafi tsakanin masu son karatu: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa rufe littafi da tsakar dare, ya duba dama da hagu bai ga wanda zai amayar wa abin da ke ransa ba, ya san dalilin da ya sa masu karatu ke neman junansu. Tambayoyin nan su ne na fi yawan ji daga masu son shiga irin wannan hira, da kuma waɗanda suka shiga suka tarar ba ta tafiya yadda suka zata. Amsoshin ra'ayina ne. Wanda ya ga akasin haka, ai dama abin da ake nema ke nan.

Karatu ai abu ne da mutum ke yi shi kaɗai. Me zai sa in riƙa ba wasu labarin abin da na karanta?

Dalili na farko mantuwa ce. Tun a 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Ya gano cewa mafi yawan abin da zai zube daga kai yana zubewa ne a sa'o'in farko da yinin farko, daga nan zubar ta riƙa raguwa. Labari ya fi gaɓoɓin banza zama a kai, ba shakka, amma tambayi kanka sunan jarumin littafin da ka gama wata uku da suka wuce ka ji. Idan ka zauna ka ba wani labarin littafi da bakinka, dole ƙwaƙwalwa ta koma ta tono shi, kuma tonowar nan ita ke kafa shi.

Na biyu, wurin da ka tsallake da gudu, a nan wani ya tsaya ya yi kwana biyu yana tunani. Ba za ka taɓa sani ba sai kun haɗu.

Abin ba sabo ba ne. A 1727 Benjamin Franklin, wani mai sana'ar ɗab'i da daga baya ya zama cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya tara wasu abokansa, yawancinsu masu sana'ar hannu, a birnin Filadelfiya na Amurka, suna haɗuwa duk daren Juma'a suna muhawara. Da suka ga kowa na buƙatar littafin da ke hannun ɗan'uwansa, sai suka tattara littattafansu wuri ɗaya, kuma daga nan ne tunanin ɗakin karatun da suka kafa a 1731 ya samo asali.

Na gama littafi ya yi mini daɗi, amma in aka tambaye ni sai in rasa ta cewa. Me zan faɗa?

A wurina wannan ce uwar tambayoyin, don haka zan ɗan daɗe a kanta. "Ya yi daɗi", "ya yi ma'ana", "akwai darasi a ciki", duk ba ƙarya ba ne, sai dai ba su da inda wani zai kama ya ja hira. Wanda ka faɗa wa zai ce madalla, shi ke nan magana ta mutu.

Abin da ke raya hira shi ne ka nuna wuri. Wane shafi ne ya sa ka kife littafin ka yi tagumi? A ina ka tuntsire da dariya har na kusa da kai ya waiwayo? Wane ne a cikin labarin ka ji kamar ka shiga takardar ka shaƙe shi? Fara daga nan.

Na taɓa zama a wata hira inda muka shafe kusan rabin sa'a muna ta kewaye-kewaye a kan wani ƙagaggen labari, kowa sai cewa yake marubuciyar ta yi ƙoƙari. Can sai wata baiwar Allah da tun zuwanta ba ta ce uffan ba ta buɗe nata littafin, a wani shafi ɗaya tak da ta lanƙwasa wa kusurwa, ta ce: "Ni fa har yanzu ban yafe wa uwar nan ba. Ta ga wasiƙar, ta karanta, ta mayar ƙarƙashin kaya, ta fito tana tambayar 'yarta ko ta tashi lafiya." Nan take ɗakin ya rabu biyu. Wasu suka ce tsoro ne ya rufe wa uwar baki, wasu suka ce tsabar son kai ne. Sai wani dattijo ya gyara zaman tabaraunsa ya ce duk ba mu lura ba, tun a babi na biyu an nuna mana ita ma an taɓa ɓoye mata wasiƙa tana budurwa. Aka koma babi na biyu, sai ga shi kuwa, layi biyu kacal da kowa ya wuce ta kansu. Ba mu tashi ba sai da dare ya raba.

Idan littafin ba na labari ba ne, wato na tarihi ko kimiyya ko rayuwar wani, hanya mafi sauƙi ita ce ka faɗi abin da ka ɗauka kafin ka karanta da abin da ka ɗauka yanzu. In kuma akwai wata hujja da marubucin ya kawo wadda ba ta shiga kanka ba, fito da ita fili, don sau da yawa za ka tarar ba kai kaɗai ta tsaya wa a wuya ba.

Abu ɗaya da nake roƙo a guje wa: maimaita labarin tun daga shafin farko har na ƙarshe. Wanda ya karanta ya riga ya sani, wanda bai karanta ba kuma ka kashe masa.

Dole sai na gama littafi kafin in yi magana a kansa?

A'a, muddin za ka faɗi inda ka tsaya. "Na ajiye shi a babi na biyar, ga dalili" ra'ayi ne cikakke, kuma wani lokaci ya fi na wanda ya gama amfani. Abin kunya shi ne mutum ya karanta bangon baya da gabatarwa, ya zo yana gyaɗa kai kamar ya haddace. Tambaya ɗaya ke tona masa asiri.

Wata sananniyar ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Nancy Pearl, tana da ƙa'idar da mutane da yawa suka ɗauka: ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne yawan shafukan da zai bayar. Ɗan shekara 70 ke nan shafi 30 ya ishe shi, don lokacinsa ya fi tsada. Ni dai ina ƙarawa da cewa littafin da ya ƙi ka a bana yana iya karɓar ka bayan shekara biyar, saboda haka kada ka yi saurin yin kyauta da shi.

Laifi ne in faɗi ƙarshen labari?

Tambaya tukuna. "Kowa ya gama?" ba ta cin komai. In akwai wanda bai gama ba kuma ba ya son a fasa masa ƙwai, a yi maganar rabin farko, ko shi ya ɗan ba da wuri.

Akwai wani gwaji da ake yawan kawowa a kan wannan. A 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun ba ɗalibai gajerun labarai 12 su karanta, wasu an riga an faɗa musu ƙarshen, wasu ba a faɗa musu ba. Abin mamaki, waɗanda aka tona wa ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin labaran. Wasu gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun sami akasin haka. Ko ma dai wanne ne daidai, gajeren labari daban, littafin da mutum ya yi mako biyu yana bi a hankali daban. Shi ke da ikon zaɓar yadda zai isa ƙarshensa, ba kai ba.

Littafin da kowa ke yabo ni bai burge ni ba. In faɗa ko in yi shiru?

Faɗa. Hirar da kowa ya yarda da kowa ba ta wuce minti goma. Abincin wani gubar wani, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar a karatu.

Sai dai akwai bambanci tsakanin "bai yi mini ba" da "ba shi da kyau". Na farko kai ne shaidarsa, ba wanda zai ƙaryata ka. Na biyu kuwa da'awa ce, sai ka kawo hujja daga cikin littafin: ga inda hali ya sauya ba dalili, ga inda aka ja magana shafi ashirin ba a je ko'ina ba, ga inda aka yi kuskuren shekara. In ba ka da ko ɗaya, tsaya a kan na farko, ba ragi ba ne.

Sannan ka kula da bakinka a kan masu son littafin. Da zarar ka ce "ban san yadda mai hankali zai so wannan ba", ka bar littafi ka koma kan mutane, kuma daga ranar ba wanda zai sake faɗin abin da yake so a gabanka. Na ga yadda irin wannan kalma ɗaya ta sa wani matashi mai son labaran soyayya ya daina zuwa. Da aka bi sawunsa, cewa ya yi shi ba ya karanta "manyan littattafai". Wa ya raba littattafai manya da ƙanana in ba mu ba?

Kada kuma lambar yabo ta tsorata ka. Kyautar Nobel ta adabi tun 1901 ake bayar da ita, ta Booker tun 1969, kuma duk alƙalai ne 'yan kaɗan ke zama su zaɓa. Su ma masu karatu ne, su ma suna saɓa wa juna.

Marubucin abokina ne, kuma littafin bai yi ba. Yaya zan yi?

Nan fa ake yin ta. Abin da ya fi mini aiki shi ne in fara tambayarsa ko littafin ya riga ya fita ko yana kan gyara. In yana kan gyara, ɓoye masa gaskiya cuta ce, sai a keɓe a faɗa masa dalla-dalla. In ya riga ya fita, aikin gama ya gama: faɗi abin da ya yi kyau da gaske, ka ambaci abu ɗaya da kake fata ya duba a na gaba. Yabon ƙarya kuwa marubuci na gane shi tun daga muryarka.

Taurarin da ake ba littattafai, a dogara da su?

Kaɗan. Manhajar Goodreads, wadda ta fara aiki a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saye ta a 2013, ta sa mutane sun saba da auna littafi da tauraro ɗaya zuwa biyar. Matsalar ita ce uku na wani shi ne biyar na wani. Kuma littafin da rabin masu karatu suka ba biyar, rabi suka ba ɗaya, zai fito da uku, daidai da wanda kowa ya ce ba yabo ba fallasa, alhali na farkon ne zai fi daɗin muhawara. Layi biyu daga bakin wanda ka san irin abin da yake so sun fi mini taurari dubu.

Wanda ya saurari littafi a waya, ko ya karanta fassara, za a ce ya karanta?

Za a ce. Labarin ya shiga kansa, zai iya yin muhawara a kai, to me ya rage? Ga makaho, ga mai doguwar tafiya zuwa wurin aiki, ga uwar da hannunta ba ya hutawa, sauraro ne ƙofar da ta buɗe musu. Illarsa ɗaya a wurin hira: da wuya mai sauraro ya ce a duba shafi kaza. Maganin wannan shi ne ya riƙa lura da lambar babi. Yana da kyau kuma ya faɗi yadda ya ji muryar mai karantawar, don murya na iya gyara littafi, tana iya ɓata shi.

Fassara kuwa ina da ƙorafi a kanmu masu karatu. Sai mu yi ta yabon daɗin harshen littafi ba mu ko san sunan wanda ya fassara shi ba, alhali kowace kalma da muka karanta shi ya zaɓe ta. Tun daga 2016 kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa raba kuɗinta take yi biyu daidai tsakanin marubuci da mai fassara. In mutum biyu suka karanta fassara daban-daban ta littafi ɗaya, su ɗauko sakin layi guda su jera su gani. Wani lokaci sai ka rantse ba littafi ɗaya ba ne.

Wasu na cewa sun karanta littafi ɗari a shekara, ni ko goma ban kai ba. Ina da wurin zama a cikinsu?

Kana da shi. Bari ma mu yi lissafi. A 2019 Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent da ke Beljiyam ya tattara sakamakon bincike 190, ya fitar da cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana cin kalma 238 a minti ɗaya in rubutun ba na labari ba ne, 260 in na labari ne. Littafi mai kalma 80,000 ke nan zai ci sa'a biyar da 'yan mintuna. Mai ba karatu minti 20 kullum zai gama shi cikin mako biyu da ɗoriya, wato sama da littafi ashirin a shekara in bai yi fashi ba. Mai ɗari ko dai yana da lokacin da kai ba ka da shi, ko littattafansa sirara ne, ko kuma yana tsallake. Ba ɗaya daga ciki da ya zama laifi, ba kuma ɗaya da ya sa ra'ayinsa ya fi naka nauyi.

Tulin littattafan da ka saya ba ka buɗe ba ma kada su dame ka. Mutanen Japan har suna suka ba abin, tsundoku, alamar cewa ciwon ba naka ba ne kai kaɗai.

In ba da aron littafina?

Bayar, amma ba kowanne ba. Na koyi wannan da wuya. Akwai wani littafi da na cika gefen shafukansa da rubutun fensir na shekaru, na ba wani aro a kan mako biyu. Bayan wata takwas, da kyar da naci, ya dawo mini da shi a kumbure kamar ya kwana cikin ruwa, bangon ya rabu, shafukan ƙarshe guda huɗu babu su. "Wallahi yara ne," in ji shi. Littafin zan iya sayen wani, amma rubutun fensir ɗin ya wanke, ya tafi ke nan.

Tun daga ranar na raba littattafaina gida biyu: waɗanda in sun ɓata zan yi tsaki in manta, da waɗanda ba sa fita daga ɗaki. Na farkon nake bayarwa, kuma ina rubuta suna da kwanan wata a gaban mai aron. Ba rashin yarda ba ne, ni ma mantawa nake yi. In kai ne mai aro, kada ka ba wani aron abin da aka ara maka, don ta nan yawancin littattafai ke bi su ɓace.

To tura wa abokai littafi ta waya fa?

Ya danganta da littafin. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka sa wa hannu, ta tanadi kare haƙƙin marubuci tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan mutuwarsa, ƙasashe da dama ma sun kai shi 70. Littafin da ya wuce wannan wa'adi ya zama na kowa, kuma irinsu ne shirin Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yake tarawa kyauta a intanet. Amma sabon littafi da marubucinsa ke raye yana jiran abin da zai samu daga guminsa, ɗaukar hotonsa a watsa cin haƙƙi ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Abin takaici, masu cewa sun fi kowa son marubucin su ne kan gaba wajen yin haka.

Yaya zan riƙa tuna abin da zan faɗa kafin ranar haɗuwa?

Rubutu a gefen shafi, in littafin naka ne. Malaman da can ba su raina wannan ba: sau nawa hashiyar da wani ya yi a gefen sharhi ta zama littafi mai zaman kanta? In na aro ne, sa 'yar takarda a ciki ka riƙa rubuta lambar shafi da kalma biyu ko uku. Uku sun isa: wuri ɗaya da ka so, wuri ɗaya da ka ƙi, da tambaya ɗaya da ba ka da amsarta. Tambayar ce ma ta fi amfani.

Akwai mai cinye hirar shi kaɗai, akwai kuma waɗanda ba sa magana. Mene ne mafita?

A fara da zagaye: kowa ya faɗi jimla ɗaya ko biyu kafin a buɗe muhawara, kuma mai yawan maganar ya zama na ƙarshe. Wata dabarar ita ce a ba shi aikin yi wa mutane tambaya, sai ka ga ƙarfin ya tafi inda zai yi amfani. Masu shiru kuma kada a matsa musu. Wasu sai sun koma gida abin faɗa ke zuwa musu, su zo da shi a zama na gaba.

In jama'arku duk masu kunya ne, akwai tsarin da wasu ƙawaye biyu suka fara a San Faransisko a 2012, mai suna Silent Book Club, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ba a zaɓar littafi ɗaya. Kowa ya zo da nasa, a zauna a yi karatu shiru kamar sa'a guda, daga nan mai son magana ya yi, wanda ba ya so ya rufe littafinsa ya yi sallama.

Wani ya ce in zaɓa masa littafi. Wanne zan ba shi?

Kada ka yi saurin miƙa masa wanda ka fi so a duniya. In ya dawo ya ce bai iya wuce shafi goma ba, kai za ka ji ciwo, shi kuma zai riƙa kauce maka. Tambaye shi littafi na ƙarshe da ya hana shi barci, da na ƙarshe da ya ajiye bai gama ba, da kuma dalilin kowanne. In ya ce shi bai taɓa gama littafi ba, tambaye shi irin labarin da yake so a ba shi da baki: na ban tsoro, na dariya, na tarihi, ko na rikicin cikin gida. Sai ka zaɓo gajere, wanda zai iya gamawa cikin kwana uku ko huɗu, ka ce masa in ya kai babi na uku ya kira ka ya faɗa maka wanda ya fi tsana a ciki.